Azumin da Na Mayar wa Nomau Ƙarfe a Ƙafa

Azumin waccan shekara bai yi daɗi ba. Haka nan zan faɗa, don ban iya kwana-kwana ba. Na yi azumi cikin sanyi, na yi cikin ruwa, na yi wanda babu komai a gida sai garin kwaki da ƙuli, amma babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wancan. Kuma ba yunwa ce ta sa ba, ko da yake ita ma mun sha ta.

Bazarar bana ce ta tono mini shi. Kwana biyu ke nan hadari yana haɗowa ta gabas, ta wajen Maradun, ya yi baƙi kamar da gaske, sai iska ta zo ta watsa shi a bar mu da gumi. Yaran da ake ɗauka aiki yanzu suna zaune ƙarƙashin fanka mai sola suna kukan zafi, alhali azumin bana ya wuce tun kafin rana ta fara cizo. Ba na ce musu komai. In na buɗe baki sai su ce Baba Garba ya fara.

Ni ɗan maƙeran Bakura ne. Boko ban wuce firamare ba, ita ma ban ƙare ta da kyau ba. Ƙanen mahaifiyata ne ya samo mini aikin lebura a wani asibiti a Mafara, aka tura ni ɓangaren masu taɓin hankali saboda babu mai so, ni kuwa ba ni da bakin zaɓe. Shara tawa ce, wankin zannuwan gado nawa ne, da ɗebo ruwa, da rabon abinci, da riƙe mutum in za a yi masa allura. Sai aiki guda da babu mai yin sa sai ni, wato kwance mari.

Mutanen ƙauye da mari suke kawo mana majinyatansu, zobba biyu na ƙarfe a idon sawu da 'yar sarƙa a tsakani. Wasu daga turu aka ciro su, gungumen icen da ake ɗaure mutum a jikinsa a bayan ɗaki. Ba mugunta ba ce, rashin yadda za a yi ne. To tun zamanin wani tsohon nas da ya fara riƙe ɓangaren, Allah ya jiƙansa, aka kafa doka cewa ƙarfe ba ya shiga ɗaki. A gindin dogon yaron da ke bakin ƙofa nake zaunar da mutum, in sa zarto in yanke. In na gama, ba ni nake jefar da marin ba. Majinyacin ake miƙa wa, ya taka da ƙafarsa har bayan sito, ya jefa shi cikin wani tsohon durom. Na ga dattijon da ya yi kuka a bakin durom ɗin nan. Na ga wanda ya jefa, ya tofa yawu, ya bi shi da ashar. Ni kuwa maganata ɗaya ce ga kowa, har ta zame mini kamar bisimilla: nan ba a ɗaure mutum.

Albashin ba abin faɗa ba ne, a majalisa kuma ana tsokanata wai wanda ya daɗe da mahaukata sai ya zama ɗayansu. Ban damu ba. Ubana ya ƙera mari, na gani da idona, ni kuma Allah ya sa yanke shi nake yi. Da wannan nake kwana lafiya.

Nomau lokacin kaka aka kawo shi, daga wani ƙauye a gefen Gidan Goga. Ƙanensa Mande ne ya kawo shi a bayan a-kori-kura, bisa buhunan gawayi. Manomi ne, faffaɗan mutum, tafin hannunsa kamar faifai. 'Yan bindiga sun same shi a gona shi da babban ɗansa, suka kashe yaron a gabansa, suka shiga gari suka sa wa rumbuna wuta. Tun daga ranar, in ya ji ƙarar babur sai ya zabura ya ture duk abin da ke gabansa. Da ya karya wa wani maƙwabcinsa hannu, aka sa masa mari.

Ina yanka yana kallon hannuna.

"Kai ɗan maƙera na," ya ce. "Na gani ga riƙon zarton."

"Na Bakura."

"To madalla. Ku ka sa shi, ku ka cire shi. Ku ci nan, ku ci can."

Na yi dariya, na faɗa masa maganata ta kullum. Shi bai yi dariya ba.

"Rantse."

Ba a taɓa cewa in rantse ba. Amma me zai hana? Abu ne da na daɗe ina gani. Na ce, "Wallahi, nan ba a ɗaure mutum." Ya karɓi marinsa, ya tafi yana ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai tsallake kunya, ya jefa shi a durom.

Allurar wata-wata ta karɓe shi sosai. Kafin sanyi ya fita ya zama shi ke taya ni aiki. Bai taɓa kirana Garba ba, sai Maƙeri. In ina shara ya ce, "Maƙeri, tsintsiyar ga ta hi ƙarhinka, koma ga zuga-zugi." An yi niyyar sallamarsa, Mande ya roƙa a bari ƙura ta lafa can wajensu. Ƙurar ba ta lafa ba.

Sai azumi ya kama a tsakiyar bazara.

Tun hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara don zafi. In ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Wuta ta tafi ba sallama, fankoki suka zama kayan ado. Injin burtsatse ya lalace, aka ce ana jiran mai gyara, ga dam a bayan gari muna jin labarin ruwansa. Ni da Nomau muke tura kura har rijiyar wani mai lambu, mu cika jarkoki, mu turo. Ruwan yana isowa da ɗumi kamar an ɗora shi a wuta.

Ga yadda yini yake tafiya. In yi sahur da ɗumamen da matata Hassi ta haɗa, in yi asuba, in hau keke. In na isa in share, in kwashe zannuwan waɗanda suka ɓata wurin kwanansu, in jiƙa. Ruwan wanki ba a zubarwa, da shi ake wanke ban ɗaki. Sannan a ba marasa azumi koko, wanda ruwansa ya fi gasararsa yawa. Duk waɗanda hankalinsu ya fara dawowa sun ce sai sun yi azumi. Malam Lawali, nas ɗin da ke riƙe da ɓangaren, ya faɗa har ya gaji cewa Allah ya ɗauke wa marar lafiya, a ƙarshe ya mayar musu da shan ƙwaya sahur da buɗa baki. In azahar ta yi babu mai motsi, ko ƙuda sai ya nemi inuwa. Mukan jiƙa tsofaffin zannuwa mu rataya a taga, kafin ka juya sun bushe ƙayau. Da la'asar a da mata masu sadaka sukan aiko da kunu da ƙosai har a bar saura. Waccan shekara gari ya cika da 'yan gudun hijira, sadaka ta rabu gida-gida, abin da ke iso mana bai taka kara ya karya ba. Ƙanƙara kuwa sai dai a hannun wani. Mangwaro ne ya rufa mana asiri.

Ma'aikata ma sun zube. Ɗaya ya nemi canji ya koma Gusau. Wata mijinta ya hana ta zuwa saboda hanya. Likitan da ke leƙo mu jefi-jefi ya daina zuwa, kuma ban ga laifinsa ba, kowa ransa yake so. Muka rage ni da Malam Lawali da maigadi. Malam Lawali a kan benci yake kwana, idonsa ja wur kamar gauta, rigarsa fara ta koma ruwan ƙasa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya mu shi ne magani. Allura ce ta fara yankewa. Malam Lawali ya je ofis, aka ce tana hanya. Ya buga waya, aka ce tana hanya. Ya sake komawa, aka ce ya cika naci. Sai ƙwayoyi suka fara ja baya, na gan shi zaune yana raba ƙwaya biyu da reza kamar mai rabon goro a wurin ɗaurin aure. Dangin majinyata kuwa, wanda gonarsa ta gagare shi shiga, da me zai je kemis?

Watan Nomau ya cika ya wuce ba allura. Abin da na fara lura da shi, tsokana ta tsaya. Sai barci ya tsaya. Sai ya koma tsayuwa bakin taga yana karkata kunne. A bakin ƙofar asibiti akwai 'yan kabu-kabu da ke jiran fasinja. Na je na roƙe su su ɗan matsa gaba, ko su daina murza babur a banza. Ɗayansu ya ce, "Baba, nan na bakin abincinmu. Mu bar shi don mahaukaci?" Na juyo, don da azumi a bakina, kuma na san halin harshena.

Ranar Talata, kasuwa na ci, muna turo kurar ruwa ni da shi. Na so in bar shi a ɗaki, amma ni kaɗai ba na iya hawan tudun da ita, kuma a ganina aikin yana ɗauke masa hankali. Sai ga jerin babura ta bayanmu, masu zuwa kasuwa, sun ɗauko awaki da buhuna. Nomau ya saki kurar. Ta kife, jarkoki suka fashe baki, ruwan yini guda ƙasa ta shanye shi ina kallo. Shi kuwa ya zura da gudu.

Na bi shi. Mai azumi, mai shekaru, cikin wannan rana. Maƙogwarona kamar an zuba masa toka. Can wajen kara, inda ake sayar da dabbobi, na tarar da shi, an yi masa zobe. Baƙo ne, ba takalmi, yana ihu yana cewa ga su nan sun taho. A wancan lokacin wannan kaɗai ya isa a ce mutum mai kai wa 'yan daji rahoto ne. Har an fasa masa kai da gora. Na kutsa na faɗa kansa ina cewa majinyacinmu ne, majinyacinmu ne. Rigar aikin da ke jikina ce ta cece mu. Wani mai gora ya nuna ni da ita ya ce, "In naku na, ku ɗaure abinku. In munka sake ganin shi, ba mu tambaya."

Kafin magariba saƙo ya zo daga ofis: ko a ɗaure shi, ko a sallame shi. Wanda ya ba da umarnin bai taɓa taka ɓangarenmu ba. Ko warin wurin bai sani ba.

Washegari Mande ya iso, don an buga masa waya. Muka zauna gindin dogon yaro, ni da shi da Malam Lawali. Ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, da gida da iyali da gajiya da ibada, sannan ya sunkuyar da kai.

"Malam, in na koma da shi gida, turu za ni mai da shi, ba ni da wata dabara. To kun san yadda muke kwana. In anka ji babura, kowa daji yake yi, mata da ɗiya. Mutum da turu ga ƙahwa, wa ka ɗaukar shi? In ɗauki tsohuwarmu ko in ɗauke shi?"



Na ce a kulle shi a ƙaramin ɗaki. Malam Lawali ya ce ƙofar da ya ɓalle shekaranjiya da kafaɗa ɗaya? Na ce ni zan zauna da shi. Ya ce wa zai ɗebo ruwa, wa zai yi wanki, wa zai kula da sauran? Na ce a kai shi babban asibiti. Ya ce da wace mota, ta wace hanya? Duk ƙofar da na taɓa ya riga ni taɓa ta, ya san a rufe take.

"Garba," ya ce, "maigadi ya ce shi za ya yi da sarƙar janareto da kwaɗo."

Ya san abin da ya faɗa mini. Sarƙar janareto a wannan zafi, cikin mako guda ta ci fata ta kai ga ƙashi. Na sha ganin irin ƙafafun da take kawo mana.

"Na rantse mashi, Malam."

"Na ji ka. Ina tsaye ranar." Ya murza idonsa da bayan hannu. "Kana zaton don wanga na yi karatu? Ni ma ba a tambaye ni ba."

Abin da ke ba ni haushi har gobe ke nan. Ba a ce Garba zaɓi tsakanin alheri da sharri ba. An ajiye mini abu uku ne: a kashe shi a bakin kasuwa, ko a bar shi ɗaure a turu ranar da gari ya watse, ko ni in ɗaure shi. Waɗanda suka ajiye mini su kuma suna can inda fanka ke juyawa, babu wanda zai riƙe guduma a cikinsu.

Na je bayan sito na kifar da durom ɗin. Tarin ƙarfe ya zubo, duk ya yi tsatsa, kunama ta fito daga ciki na bi ta da takalmi. Kowanne na san mai shi, don ni na yanke su. Na ga na Nomau, na ture shi gefe da ƙafa, na ɗauki na wani bawan Allah da ya daɗe da warkewa.

Akwai ɗan baffana mai maƙera a cikin gari. Ya gan ni da mari a hannu ya ce, "A'a, an dawo gida ke nan?" Na zauna na ja zuga-zugi da kaina. Wuta a gaba, rana a ƙeya, azumi a baki. Gumi ya tsiyaya har ya ƙare, jikina ya bushe, ina ganin gawayin bibbiyu. Na gyara zobban, na bi bakinsu da magagari har suka yi santsi yadda ba za su yanki fata ba. Na ƙara wa sarƙar tsawo kaɗan don ya samu yin sujada da tsugunno. Aiki ya yi kyau. Wannan ma wani abin haushi ne, tunda nake ban taɓa ƙera abu mai kyau kamarsa ba.

Da la'asar na fito da Nomau gindin dogon yaro, inda na zaunar da shi ranar farko. Na zaci za a yi kokawa, har maigadi ya naɗe hannun riga. Da an yi kokawar da ya fi mini sauƙi. Dukan kasuwa ya sauke masa jiki, kansa naɗe da bandeji. Ya dubi abin da ke hannuna, ya dube ni, sai ya miƙo ƙafa da kansa.

Na naɗa masa tsumma a idon sawu, na sa zoben, na ɗora a kan dutse, na fara bugun ƙusar. Ya sunkuyo yana duba ƙarfen.

"Wanga ba nawa ba na," ya ce.

"Na sani."

"Nawa ya hi shi nauyi." Na gama ƙafa ta biyu. Sannan ya ce, "Sannu da aiki, yallaɓai."

Yallaɓai. Mutumin da tun kaka bai kira ni da komai ba sai Maƙeri. Mande ya tashi ya bar wurin. Malam Lawali yana tsaye bakin ƙofa da farantin ƙwayoyinsa, ya juya ya shige.

Ana dab da shan ruwa gabas ta yi baƙi, wannan karon da gaske. Iska ta taso ta kwashe zannuwan da na shanya, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan farko. Ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Majinyata suka fito suna tara hannu, muka jera duk wani bokiti da roba a bakin indararo. Ana kiran salla ruwa na dukan kwano, ba ka jin ladan sosai. Nomau ma ya ji ƙamshin. Manomi ne. Ya miƙe zai taka irin takunsa na da, sarƙar ta fizge shi, ya dafa bango. Cikin duk ƙarar ruwan nan sai da na ji ƙarar ƙarfen.

Na isa gida jiƙe sharkaf. Hassi ta ajiye mini kunun tsamiya da 'yan dabino, tana ta murna, ta fito da irin geron da ta ɓoye a tulu, ta jingina sungumi bakin ƙofa, don muna da 'yar gona a hanyar Bakura. Na kurɓi ruwa don in buɗe baki, na ture kunun.

"Baban Rabi, kunun ga ya huce."

"Bar shi."

"Mi ya hwaru?"

Na daka mata tsawar da ba ta cancanta ba. Ta ɗauke kwanon. Matar da ta yini a bakin murhu da azumi.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Allura ta iso bayan salla, a kwali guda, aka sauke ta kamar ba a yi komai ba. Nomau ya samu sauƙi, na sake yanke marin, amma bai karɓa ya kai durom ba, ya bar mini shi nan ƙasa. Daga baya Mande ya kwashe iyalinsu suka koma wajen dangi, ya zo ya tafi da shi. Har ya hau mota yallaɓai yake ce mini. Na tambayi limamin unguwarmu batun rantsuwar, ya ce lalura ce, in yi kaffara, in ba ni da halin ciyarwa in yi azumi uku. Na yi. Rantsuwar ta sauka, abin da ke ƙirjina bai sauka ba. Malam Lawali bai ƙara shekara ba ya ajiye aikin, ya buɗe ɗan kemis a Jangebe. In mun haɗu mukan gaisa har mu gaji, gida da yara da kasuwa, babu mai ɗauko zancen.

Ni ina nan. Har yanzu ni ke yanke mari, amma shiru nake yi, waccan magana ta bar bakina. Hassi ta ce tun shekarar na zama mai saurin fushi, kuma ba ƙarya ta yi ba. Akwai lokacin da ko sarƙar keke ta yi ƙara sai abinci ya fita raina. Kwanakin baya wasu suka zo daga birni suka tara mu, wai bita a kan lafiyar zuciyar ma'aikata. Wata yarinya mai hankali ta ce abin da ke damun irinmu yana da suna a boko, wai rauni ne da mutum ke ji in an tilasta masa aikata abin da zuciyarsa ta ƙi. Na yarda da ita, ta faɗi daidai. Sai ta ce mu rufe ido mu ja numfashi a hankali. Na ja. Aka raba lemo da biskit. Da aka ce ko akwai mai magana, na ce a dai tabbatar allura ba ta yankewa, numfashi mun iya shi tun ranar haihuwa. Aka yi dariya. Ni ba wasa nake ba.

Yanzu akwai sola, akwai ruwa a tanki, magani yakan yanke amma ba kamar da ba. Durom ɗin yana nan bayan sito. Yaran yanzu sun ɗauka shara ce, har wani ya ce a sayar wa 'yan gwangwan. Na ce wanda ya taɓa shi sai mun ɓata.

Amma in hadari ya haɗo irin na yau, ba bitar nake tunawa ba, ba kuma ranar kasuwa ba. Safiyar bayan ruwan nan nake tunawa.

Gari ya waye da sanyi-sanyi, ƙasa ta yi laushi, kowa ya fito da sungumi a kafaɗa, da azumi da komai, don wanda ya bar safiyar ruwan farko ya bar shekara. Hassi ta miƙo mini ƙwaryar iri ba ta dube ni ba. Na ɗaure sungumi a keke. Da na kai mararraba, maimakon in yi hanyar Bakura sai na karya kan keken na yi asibiti.

Tsakanin sito da katanga akwai wani fili da ba a komai da shi sai shanya. Malam Lawali ya gan ni da kaya ya ce, "Kada ka ba shi sungumin."

"Ni ka sara, shi ka shuka."

Na je na tsaya gaban Nomau na miƙa masa ƙwaryar. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa hannu ya ɗebi geron, ya murza, ya shinshina. Ya tashi ya biyo ni, ƙarfen na ƙara.

Na shiga gaba ina sara, taku ɗaya rami ɗaya, yadda aka koya mini tun ina yaro. Yana biye, ya jefa iri, ya rufe da ƙafa. Ban waiwaya ba. Da kunne nake bin sa. Mun ɗan taɓa tafiya sai na ji ƙarar ta tsaya.

"Yallaɓai."

Na juyo. Yana tsaye, ƙafa ɗaya a gaba, sarƙar ta miƙe iyakarta, ramin yana can gabansa.

"Rage tsawon sara. Ƙahwata ba ta kai."

Na koma farkon layi. Ban tsaya aune-aune ba, ni na ƙera sarƙar, na san tsawonta. Na sake sara.